Jirgin Yaƙin Nkrumah da Kuɗin Gyara

Manomin albasa a Aliero ya san ranar sayen injin ban ruwa ranar murna ce. Wahala sai ran da injin ya tsaya, aka karaɗe kasuwar Jega ba a sami kayan gyaransa ba. Ciwon da ke cin manyan jiragen ruwan yaƙi a Afirka ta Yamma ke nan, kuma tarihin wani jirgi ƙirar Birtaniya ya nuna shi ƙarara.

Kwame Nkrumah ya sa kamfanin Yarrow na Sikotland ya ƙera wa Gana jirgin yaƙi mai suna Black Star. An ɗora shi kan tsarin jiragen Birtaniya masu injin dizal, sai dai an ƙara masa ɗakunan alfarma domin shugaban ƙasa ya riƙa tafiya a ciki. Daga nan aka fara kuskure, don kuwa kwalliya ta danne buƙatar tsaro. Sojoji suka kifar da Nkrumah a Fabrairun 1966, sabuwar gwamnati ta ce ba ta so. Jirgin ya yi shekaru a ɗaure, kafin sojan ruwan Birtaniya su karɓe shi, ya fara aiki a 1973 da sunan HMS Mermaid. A 1976 ya yi karo da ƙaramin jirgi Fittleton, mutum 12 suka mutu. A 1977 aka sayar wa Malesiya, ta raɗa masa Hang Tuah, ta sauya masa injuna, ta more shi wajen shekara 40.

Wani zai ce ƙasa mai gaɓar teku da rijiyoyin mai ba ta da zaɓi, dole ta mallaki babban jirgi. Akwai gaskiya a nan: NNS Nigeria, ƙirar Holan, ya taka rawa wajen ƙwace Bonny a yaƙin basasar Najeriya a 1967. Amma hujjar buƙata ba ta amsa tambayar riƙo. Jirgin da Gana ta yar, Malesiya ta raya shi domin ta ware kuɗin gyara ta kuma horar da injiniyoyi. Mu kuwa a Najeriya bikin ƙaddamarwa ya fi jan hankalin masu mulki, tunda kasafin gyara ba ya zuwa da kiɗa ko hoto a jarida. NNS Aradu, da aka ƙera a Hambug ya fara aiki a 1982, ya kai har Ingila bikin tunawa da yaƙin Trafalgar a 2005, daga baya ya shafe shekaru a kwance a Legas yana jiran gyara.