Tsohuwar Takardar Kuɗi: Yadda Ake Bambanta Ta Gaske da Jabu

A cikin adakar tsofaffi da yawa akwai takardun kuɗin da aka daina karɓa tun kafin a haifi jikokinsu: fam ɗaya, sule goma, ko naira ashirin ta farko mai hoton Janar Murtala. Kasuwa ta manta da su, amma akwai masu tara su, suna saye da tsada, suna adanawa saboda tarihin da ke jikinsu. To, duk inda aka ce abu ya yi daraja, masu buga jabu ba sa nisa.

Makamin farko na mai wannan sha'awa shi ne sanin tarihi. A 1912 Turawan mulkin mallaka suka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, takardunta masu hoton bishiyar kwakwar manja suka yi yawo a Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Babban Bankin Najeriya ya fitar da nasa a 1959, aka canja su a 1965, aka sake canjawa a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa. Naira ta shigo ran 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu. Murtala kuwa sai a 1977 ta fito, kuma a Afrilun 1984 aka sauya launin takardu duka, ban da ta kwabo hamsin.

Me ya sa za a haddace waɗannan shekaru? Domin mai jabu yakan ƙware a zane amma ya yi tuntuɓe a tarihi. Kowace takardar Babban Banki tana ɗauke da sa hannun gwamnan banki na zamaninta. Clement Isong ya bar kujerar a 1975, Adamu Ciroma ya gaje shi. Saboda haka idan aka miƙo maka Murtala da sa hannun Isong, ba sai ka ƙara duba komai ba, mayar wa mai ita.

Daga nan sai aikin yatsa. Da auduga aka yi tsohuwar takardar kuɗi, shi ya sa take da ƙarfi da wata 'yar ƙara idan an kaɗa ta. Tawadar hoto da manyan haruffa tana da tudu, don da farantin ƙarfe da aka sassaƙa ake danna ta. Shafa da farce, za ka ji kaushi-kaushi, alhali ta jabu sumul take. Ɗaga ta saitin rana: hoton ɓoye da siririn zaren tsaro a cikin naman takardar suke, ba a bisa aka shafa su ba. Sa gilashin ƙara girma, za ka ga layukan ta gaske a miƙe tsaf, na injin kwamfuta kuwa ɗige-ɗige ne masu launi. A ƙarƙashin fitilar nan mai shuɗin haske da 'yan canji ke amfani da ita, takardar rubutu takan ɗau ƙyalli, ta kuɗi ba ta yi. Wasu masu jabu har jiƙa sabuwar takarda suke yi da ruwan shayi don ta yi kama da tsohuwa.

Abin mamaki, wata jabun ma ta zama abin nema. A Yaƙin Duniya na Biyu, Jamus ta tilasta wa fursunoni a sansanin Sachsenhausen buga fam na Ingila, kuma yau masu tarawa suna sayensu da saninsu. Ba laifi, muddin an faɗi gaskiyar abin da ake sayarwa.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da ake yi da kyakkyawar niyya. Mutum ya tsinci takardar kakansa, ya wanke, ya goge da dutsen guga, ya liƙe yagar da salatif, ko ya kai a manne ta cikin leda. Duk wannan kashe mata daraja yake yi, don masu saye sun fi son ta da dattinta na asali. Kuma tsufa kaɗai ba ya sa tsada, sai ƙarancinta da lafiyar jikinta.

Idan akwai irinta a gidanku, ku shimfiɗa ta ba ninki, ku nisanta ta da danshi da gara da hasken rana, kuma kada ku sayar sai wanda ya san harkar ya duba muku.