DA ME MAZAN JIYA SUKA RIƘE GIDAJENSU?

Yau filin namu zai ɗan kauce daga maganar girki da renon yara, mu taɓa wani zance wanda maza suka mayar nasu su kaɗai, alhali kuwa a cikin tukunyarmu yake ƙarewa.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 aka ce Dutse ce hedkwata, idonmu ya saba da wani abu. Mutum ya shiga siyasa da babur ɗinsa, kafin dabino ya nuna sau biyu sai ki ga ya ta da bene, uwargida ta canza zane, an yi mata amarya. Ba a cika tambayar inda abin ya fito ba, sai dai a yi guɗa. To, shi ya sa na ga ya kamata mu waiwaya mu dubi waɗanda suka fara kafa mulkin da muka gada, mu ga da me suka ci, da me kuma suka ciyad da iyalinsu.

Sarautar Dutse ta yanzu dai tushenta jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne. A wajen 1807, sa'ad da mulkin Sarkin Kano Alwali ya faɗi, Fulani biyu, Salihi da Musa, su ne suka ja ragamar jama'a a ƙasar Dutse, garin kuwa ya ci gaba da bin Kano. Watau ke nan abin da aka shuka a Degel da Gudu ya zo har ƙofar ɗakinmu.

Yawancin 'yan makaranta sun san jihadin ta fuskar yaƙi kaɗai: hijira zuwa Gudu a 1804, Tabkin Kwatto a wannan shekara, faɗuwar Alƙalawa a 1808. Amma wadda ta ji abin da ke cikin littafin nan Kitabul Farƙi za ta gane cewa maganar dukiya tana tsakiyar rigimar. A ciki Shehu ya lissafta hanyoyin da sarakunan zamanin suke cin talakawa, har ya kira su da sunayensu na Hausa. Akwai jangali, da kuɗin gari, da kuɗin salla. Akwai gaisuwa, wadda talaka ba ya ganin sarki sai da ita. Akwai tawasa, naman da ake karɓa daga mahauta a kasuwa, da kamuwa, watau a kama jakin mutum ko takarkarinsa a ɗora wa kayan sarki ba da yardarsa ba. Har dukiyar mamaci ana kwashewa. Ki duba da kyau, 'yar'uwa, kusan duk abin nan a kan mace yake faɗawa, domin in an kama jaki ita za ta ɗauki itace a ka, in an kwashe gado ita da marayunta za su kwana da yunwa.

Wanda ya tashi yana irin wannan suka kuwa, tilas a zuba ido a ga hannunsa. An kuwa gwada shi tun da wuri. A wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Salla, ya yi musu kyauta, ya ba Shehu zinariya miskali 500. In aka auna da ma'aunin yau, ya haura kilo 2. Duk macen da ta taɓa tara kuɗin ɗan kunne guda ta san nauyin wannan magana. Shehu ya ce ba ya bukata, ya roƙi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke tsare, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Sarki ya yarda.

To, da me ya ci? Masu tarihi sun ruwaito cewa sana'arsa tufkar igiya ce. Yana karantarwa hannunsa na tufka, abin da aka samu daga igiyar shi ne cefanensa. Sun ce tufafinsa ba su wuce riga ɗaya da wando ɗaya da rawani ɗaya ba. Igiya fa, irin wadda tsofaffi ke zubewa a gefen kasuwar Shuwarin, wadda muke taya ta a wulaƙance mu ɗaure guga ko akuya. Ko bayan an ci nasara bai zauna kan gadon mulki yana sha'ani ba. A 1812 ya raba aikin ƙasa tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, shi kuwa ya ci gaba da karatu da rubutu a Sifawa, daga baya ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817.

Bello ya yi sarautar Musulmi shekara 20, daga 1817 zuwa 1837. Wani malami baƙo, Alhaji Sa'idu, wanda ya zauna a Sakkwato ya kuma rubuta tarihin sarakunanta, ya shaida cewa daga guminsa yake ci, ba ya taɓa baitulmali domin bakinsa. Mutumin da harajin Kano da Katsina da Zazzau ke zuwa hannunsa ke nan.

Amma kada mu mai da tarihi tatsuniya. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, wanda ya fara faɗin haka kuwa ɗan gida ne. A 1807, ana tsakiyar yaƙi, Malam Abdullahi ya duba abokan tafiya ya ga zukata sun juya. Waɗanda aka fito da su domin gyara sun koma neman sarauta, da tara ƙwaraƙwarai, da tufafin ƙawa, da dawakin kilisa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Da ya iso Kano mutanen gari suka riƙe shi, suka ce ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a. Nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karantad da tafsiri, sa'an nan ya koma gida. Shekara 3 kacal da hijira fa ke nan! Ni dai wannan labari ya fi tsaya mini a rai bisa ga na zinariyar Magami, domin ƙin kyautar sarkin da kake suka abu ne mai sauƙi a kan tsawata wa naka.

A Kanon ma, Sarki Sulaimanu, wanda ya yi mulki daga 1807 zuwa 1819, limami ne, kuma da fari bai shiga Gidan Rumfa ba, sai da aka ce masa in bai shiga ba mutane ba za su ɗauke shi sarki ba. Ya shiga. Daga baya gandayen sarakuna suka yawaita, da ƙauyukan bayi da ake kira rinji, arzikin masu sarauta ya dogara bisa gumin waɗanda aka kamo, mata da yara na cikinsu. Wannan ma tarihinmu ne, ba kuwa za mu ɓoye wa 'ya'yanmu shi ba.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. A cikin Nurul Albabi, Shehu ya yi kaca-kaca da malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna mora su kamar kayan ɗaki. Abin da ya ce a koya musu bai tsaya ga alwala da salla da azumi ba, har da hukuncin saye da sayarwa. Watau ya ɗauka mace mai sana'a ce, tana kaɗi, tana ciniki, tana riƙe da nata. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta kai wannan karatu ƙauyuka ta hannun jajis ɗinta da 'yan taru.

Yanzu mu tsallaka teku, domin a daidai wannan zamani wasu mutane a Amurka su ma sun ture mulkin da suka ce yana cinsu da haraji. Sun shelanta 'yancinsu daga Ingila a 1776, shekara 28 kafin hijirar Gudu, kuma lokacin da ake gwabzawa a Gobir, ɗaya daga cikinsu, Thomas Jefferson, shi ne shugaban ƙasarsu, daga 1801 zuwa 1809.

Su nasu jagororin yawancinsu masu hali ne tun farko. George Washington, shugaban ƙasa na farko, manomi ne mai filaye kimanin eka 50,000, kuma babban abin da ya ɗaga shi aure ne: a 1759 ya auri Martha, wadda mijinta ya rasu ya bar mata dukiya mai yawa. Da aka ba shi jagorancin soja a 1775 ya ce ba ya son albashi, a dai biya shi abin da ya kashe. Abin yabo ne, amma mai ƙoshi ne ya ƙi tuwo, domin sa'ad da ya mutu a 1799 akwai bayi 317 a gandunsa na Mount Vernon. Benjamin Franklin ɗan mai yin kyandir da sabulu ne, da aikin ɗab'i ya yi arziki, matarsa Deborah na tsare masa kanti da lissafi, har ya bar sana'a yana da shekara 42. Samuel Adams kuwa bai iya riƙon kuɗi ba ko kaɗan. Da zai tafi babban taronsu a 1774, sai da abokai suka haɗa suka ɗinka masa tufafin fita kunya.

Biyu daga cikinsu ne nake so ku riƙe. John Adams lauya ne, ba wani attajiri ba, ya kuwa yi shekaru yana aikin ƙasa nesa da gida, har Faransa da Ingila. Matarsa Abigail ce ta riƙe gonar. Ita ke ɗaukar ma'aikata, ta karɓi kuɗin haya, ta biya haraji. Ta riƙa sa shi ya aiko mata da ƙananan kaya daga Turai, irin su yadi da kallabi da allura, tana sayarwa da riba. Abin da ta tara ta sayi takardun bashin gwamnati tun suna araha, ko da yake shi maigidan ya fi son a sayi fili. Takardun kuwa suka yi daraja.

Jefferson ya fi shi gado nesa ba kusa ba. Yana da ƙasa, da ɗaruruwan bayi, da ƙasaitaccen gida a kan tudu mai suna Monticello. Amma matarsa ta rasu tun 1782, shi kuwa mutum ne mai son littattafai da kayan Faransa, ga baƙi kullum, ga gini yana rushewa yana sakewa, duk bisa bashi. Ya kuma tsaya wa wani abokinsa lamuni, abokin ya karye, bashin ya dawo kansa.

Allah da ikonsa, Adams da Jefferson rana ɗaya suka mutu, 4 ga Yuli 1826, ranar cikar ƙasarsu shekara 50. Adams ya bar wa 'ya'yansa gida da gona da kuɗi. Jefferson ya bar bashin da ya haura dala 100,000. Bayan wata shida aka yi gwanjon kayan ɗakinsa tare da bayi 130, aka raba uwa da ɗa a bainar jama'a. 'Yarsa Martha, wadda ta yi shekaru tana riƙe masa gida, ta kwashe yaranta ta fita, aka sayad da Monticello a 1831.