Tafintan da ke Tsakanin Girgije da Rumbu

Duk wanda ya ji ana cewa an ajiye takardu a cikin girgije, ya sani babu wani hadari da ke ɗauke da su, illa dai injuna ne jere a ɗakuna masu sanyi, waɗanda ake isa gare su ta intanet. Daga cikin manhajojin da ake gina irin wannan girgije da su akwai OpenStack, wadda hukumar NASA ta Amurka da kamfanin Rackspace suka assasa a shekarar 2010, kuma a cikinta akwai wani sashe mai suna Manila, wanda aikinsa shi ne ya tanadi rumbu guda da kwamfutoci masu yawa za su riƙa zuba fayil suna ɗiba a lokaci ɗaya.

To, Manila ba ta ajiye kome da kanta; umarni kawai take bayarwa. Da yake kowane injin ajiya da irin harshen da yake ji, na NetApp daban, na Huawei daban, na Ceph daban, sai aka sanya wata 'yar manhaja a tsakani wadda ma'abota fannin ke kira direba, alhali a ganina sunan tafinta ya fi dacewa da ita. A nan ne mas'alar take, domin tafintocin nan ba darajarsu ɗaya ba: wani ya iya ɗaukar hoton rumbu don a koma gare shi ranar da aka yi ɓarna, wani ya iya faɗaɗa rumbun amma ba ya iya rage shi, wani kuwa ba ya motsi sai an sayi injin kamfaninsa.

Mu dubi direban gama-gari, wanda ba ya bukatar injin kowa. Shi hikimarsa ita ce ya tayar da kwamfutar aro guda, ya ɗaura mata faifai, sa'an nan ta riƙa rarraba fayil ta hanyar NFS, wadda kamfanin Sun ya ƙirƙiro tun 1984. Abin yana da sauƙin kafawa, amma in wannan kwamfuta ɗaya ta faɗi, duk wanda ke cikin rubutu zai ga allonsa ya sandare, domin babu na'ibin da zai karɓi limanci. Shi ya sa aka fi ajiye shi don gwaji.

Direban CephFS ya fi ƙarko, kuma cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janeba tana aiki da shi, sai dai yana da sharaɗi mai nauyi: lalle kwamfutar wanda ya yi hayar rumbun ta sami hanya kai tsaye zuwa cikin gidan Ceph, wanda kuwa ba a yi wa baƙon da ba a tabbatar da amanarsa ba. In an kafa ƙofar NFS-Ganesha a tsakani don kiyaye sirri, ita ƙofar ta zama mashiga guda da cunkoso zai iya toshewa.

Saboda haka, ya mai karatu, in aka zo maka da tallar rumbun girgije, ka tambayi sunan direban, ka kuma tambayi abin da zai faru ranar da injinsa ya mutu.