Alewa Mai Tsinke a Ƙasar Fadama: Sana'ar da Ribarta ke Hannun Laima

Kalmar alewa ta shigo Hausa ne daga Larabci, inda halawa ke nufin abin zaƙi, kamar yadda sukari ma ya aro sunansa daga can, amma sana'ar kanta ta daɗe da zama 'yar gida, domin tun kafin farin sukari ya wadata a kasuwanni Hausawa suna dafa maɗin ɗinya da mazarƙwailar rake da zuma har su yi kauri su daskare. Daga wannan tushe ne aka samu kantun riɗi da na gyaɗa, daga baya kuma alewar madara da gullisuwa suka biyo. Alewa mai tsinke baƙuwa ce a cikin wannan dangi, kuma kamfanonin waje ne suka yaɗa ta, irin su Chupa Chups wanda Enric Bernat ya ƙirƙiro a Sifaniya a 1958 bisa la'akari da cewa yaro yana buƙatar abin riƙewa don kada ya ɓata hannunsa da rigarsa. Duk da haka ba ta fi ƙarfin tukunyar gida ba, kuma macen da ta iya kantu ta riga ta iya rabin aikin.

Sauran rabin shi ne wanda ya kamata mai niyyar wannan sana'a a Auyo ta fahimta sosai, saboda yanayin garin ba ya yafe kuskure. Auyo tsohon gari ne a masarautar Haɗejiya ta Jihar Jigawa, yana zaune a fadamar Kogin Haɗejiya, a yankin aikin noman rani na Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, inda shinkafa da alkama da kayan lambu ke kawo kuɗi hannun mutane fiye da sau ɗaya a shekara. Wannan albarka ce ga mai ƙaramar sana'a, tunda duk inda manomi ya sayar da amfani yaransa za su samu na kashewa ranar kasuwa. Amma ruwan da ke raya gonar shi ne abokin gabar alewa, kuma yankin da ambaliya ta yi wa ɓarna a 2020 da 2022 ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da ake kira laima.

Dafa alewa mai tauri ba komai ba ne illa korar ruwa daga sukari. Ana zuba ruwa kaɗan ne da farko don ƙwayoyin sukarin su narke gaba ɗaya, sannan a bar wuta ta fitar da shi a matsayin tururi, kuma gwargwadon raguwar ruwan gwargwadon hauhawar zafin da romon ke tafasa a kansa. Tsurar ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 100 na ma'aunin Salsiyas, ba ya wuce nan komai yawan itacen da aka tura masa, amma romon sukari yana ci gaba da hawa. A wajen digiri 112 zuwa 116 yana ba da alewa mai laushi da ake iya mulmulawa, a digiri 146 zuwa 154 kuwa ruwan da ya rage bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba, kuma nan ne gurbin alewa mai tsinke. Idan aka wuce digiri 160 sukarin zai fara sauya launi zuwa ruwan zuma, jim kaɗan kuma ya yi baƙi ya yi ɗaci. Tazarar da ke tsakanin nuna da ƙonewa ba ta da yawa, kuma a kan wutar gawayi ko ta itace, wadda ba a rage ta da murɗa maɓalli, hikimar ita ce a sauke tukunya da ɗan sauran lokaci, tunda gindin tukunya mai kauri yana ci gaba da dafa abin da ke cikinta bayan an sauke.

Wadda ba ta da ma'aunin zafi tana da gwajin da ya girme shi. Takan ajiye kwanon ruwan randa mai sanyi a gefen murhu, ta ɗiga romon da bakin cokali, sannan ta sa yatsu ta ɗauko. Idan ya mulmulu kamar ƙaro mai laushi, da saura. Idan ya miƙe kamar zare yana lanƙwasuwa, an kusa. Idan ya daskare nan take ya karye da ƙara, ƙas, kamar fasasshiyar kwalba, to ya nuna. A nan sai ta shafa wa tire ɗan man gyaɗa, ta jera tsinkaye, ta riƙa zuba cokali guda a kan kowanne tana ɗan juya tsinken don romon ya rufe shi, kuma dole hannu ya yi sauri domin cikin mintuna kaɗan abin da ke tukunyar zai ƙi zubowa. Kamanta shi da kwalba ba ado ba ne na magana, saboda masana kimiyyar abinci suna ɗaukar wannan alewa a matsayin gilashin sukari, wato daskararren abu wanda ƙwayoyinsa suka tsaya cak a hargitse kafin su samu damar jeruwa.

Jeruwar ita ce matsala ta farko. Farin sukari, wanda a kimiyyance ake kira sukuros, yana da ɗabi'ar komawa tsakuwa-tsakuwa kamar yadda ya fito daga buhu, kuma ƙwaya guda da ta maƙale a jikin tukunya, ko motsawa da ludayi bayan an fara tafasa, ya isa ya sa tukunya guda ta yi yashi, alewar ta fito fari-fari tana marmashewa. Kamfanoni suna hana wannan da romon gulukos da ake samu daga sitacin masara ko rogo, wanda masu kayan haɗin kek ke sayarwa a manyan garuruwa kamar Kano. A gida kuwa ana ɗiga ruwan lemon tsami ko na tsamiya, domin tsami tare da zafi yana raba sukuros gida biyu, gulukos da furuktos, waɗanda ke shiga tsakanin sauran ƙwayoyin su hana su haɗuwa.

Sai dai maganin yana ɗauke da cutarsa, kuma a nan ne Auyo ta bambanta da busasshen tudu. Furuktos mayen ruwa ne, yana zuƙo danshi daga iska fiye da sauran sukari, don haka alewar da aka cika wa tsami tun farkon dahuwa za ta yi kyau a tire, amma kafin la'asar ta fara naso, ta yi danƙo, ta manne da 'yar'uwarta, ta kira ƙuda da tururuwa. Da hunturu, lokacin da iskar arewa ke busar da leɓe, ana iya barin ta a buɗe ba ta damu ba; a watan Agusta kuwa, ga gonakin shinkafa cike da ruwa, sa'a guda a fili ta isa ta lalata aikin wuni. Saboda haka tsamin hana yashi ɗigo ne kawai, tsamin ɗanɗano kuma sai bayan an sauke tukunya, sannan a naɗe kowace alewa da leda a ɗaure wuyanta da zarar ta huce, a zuba a bokitin roba mai murfi. Mai ganin kuɗin leda asara ce ba ta yi lissafin damina ba.

Lissafin sana'ar a fili yake, tunda kilo guda na sukari yana ba da kusan kilo guda na alewa, idan kuma kowace ta kai giram 10 za a samu kusan guda 100, ban da abin da ya maƙale a tukunya. Abin da ke cin ribar shi ne farashin sukari, domin Najeriya tana shigo da mafi yawan ɗanyen sukarinta daga Brazil duk da shirin bunƙasa noman rake da gwamnati ta amince da shi a 2012, kuma faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta tsauwala wa masu saye a kwano da gwangwani. Mai saye kuwa yaro ne mai 'yan canji, ba a iya ƙara masa kuɗi yadda aka ga dama, shi ya sa masu sana'ar kan rage girma maimakon ƙara farashi.

Kasancewar masu sayen yara ne ya sa batun launi ba abin wasa ba ne. Garin rini da ake aunawa a ƙulle ba suna ba lamba bai dace da cikin ɗan mutum ba, kuma launin abinci mai rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, shi ne mafi ƙarancin abin da amana ta wajabta. Haka ma tsinke, wajibi ne ya zama mai tsabta marar tsini, alewar kuma ba ta dace da ɗan da bai iya taunawa ba saboda haɗarin shaƙewa. Romon da ya kai digiri 150 yana manne wa fata ya ƙona ta fiye da tafasasshen ruwa, don haka tsakar gida mai rarrafe da guje-guje ba wurin zuba shi ba ne.

Inda 'yar Auyo za ta iya shan gaban kwalin kamfani shi ne ɗanɗano, domin Jigawa tana sahun gaba a noman riɗi da zoɓo, har zoɓon nata yana kaiwa Meziko. Soyayyen riɗi busasshe ne, ana barbaɗa shi a romon daf da zubawa ba tare da fargaba ba, citta da kanumfari ma haka. Zoɓo kuwa yana ba da jan launi na halal wanda ke raba mai sana'a da garin rini, amma da yake mai tsami ne, hukuncinsa hukuncin lemon tsami: a dafa shi daban har ya yi kauri ƙwarai, a tace, a zuba kaɗan bayan an sauke tukunya, a naɗe da wuri.