Kan Jirgin Da Ke Zaman Jiran Ko-Ta-Kwana

Yau tafiyarmu ta kai mu tashoshin jirgin ƙasa na Birtaniya. Shekara da shekaru, duk wanda ya bi ta Crewe ko Preston ko Carlisle yakan hangi wani kan jirgi tsaye shi kaɗai a ɗan guntun layi can gefe, babu tarago ko ɗaya a bayansa, tankinsa cike da dizal. A nan yake wuni, a nan yake kwana. Lafiyarsa ƙalau, jira yake wani jirgin ya lalace ya je ya jawo shi.

Ma'aikatan jirgi suna ce masa Thunderbird, sunan da suka aro daga wani shirin talabijin na 'yan tsana da aka fara nunawa a 1965, labarin wasu masu kai ɗauki duk inda bala'i ya auku. Daga 2002 kamfanin Virgin Trains ya fara karɓar irin waɗannan kawuna, har suka kai 16. Tsofaffin kawuna ne na shekarun 1960 da aka sake wa inji a garin Loughborough, aka raɗa musu sunaye daga shirin, kamar Scott Tracy da Lady Penelope.

To, me ya sa sai mai dizal? Layin Landan zuwa Gilasgo, mai tsawon kusan kilomita 640, da lantarki jiragensa ke tafiya, daga wayar da ke bisa kansu. Ranar da iska ta tsinke wayar, duk jirgin da ke wannan yanki sai ya tsaya cik, sai wanda ke ɗauke da mansa ne zai iya isa wurin. Akwai kuma batun mahaɗi. Jiragen Pendolino masu gudu da ke bin layin ba sa karɓar tsohuwar ƙugiya da sarƙa, shi ya sa aka ɗaura wa kawunan ceton nan mahaɗi na musamman, ƙirar Dellner, wanda ake saukewa idan buƙata ta taso.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne direban. Yana iya zama a ɗakin hutu tun safe har lokacin tashinsa ya yi, wayar tarho ba ta yi ƙara ba. Mai lissafin kuɗi zai ce albashi ne ke zurarewa a banza, ga kuɗin gyara da mai. Ni ban yarda ba. A dokar jirgin Birtaniya, iya tuƙi kaɗai bai isa ba. Dole direba ya sa hannu a kan cewa ya san irin kan jirgin, ya kuma san hanyar: inda kowace sigina take, inda ake hawa, inda ake gangara, inda za a fara kama birki tun tasha ba ta bayyana ba. Idan ya daɗe bai bi wata hanya ba, galibi wata shida, sai ya sake bin ta ya sabunta saninsa. Idan kuwa ceton ya faɗo inda bai sani ba, sai an nemo wani direban ya zauna kusa da shi a matsayin ɗan jagora. Ga iyakar awoyin aiki, wadda ba ta wuce awa 12. Kira ya zo dab da tashinsa, tilas a nemo mai canjinsa. Saboda haka kai guda na buƙatar direbobi da dama suna karɓa-karɓa dare da rana.

Yanzu ku saurari yadda ake ceton. Ƙa'idar layin dogo ita ce jirgi biyu ba sa haɗuwa a yanki guda tsakanin sigina da sigina. Aikin ceto kuwa sai an shiga yankin da wani ke ciki. Direban jirgin da ya lalace zai yi magana da mai kula da sigina, su tsayar da ta inda taimako zai zo, ta gaba ko ta baya, kuma daga nan ba zai ƙara motsa jirginsa ba ko da injin ya farfaɗo. A tsarin da aka daɗe ana bi a da, zai taka da ƙafa mita 300, ya ɗaura wasu 'yan gwangwanaye uku masu albarushi a kan ƙarfen dogo, ya tsaya da jar tuta ko jar fitila. Mai sigina ya ba direban ceto izini da baki ya wuce jar wuta, ya taho sannu a hankali. Ya taka gwangwanayen, su fashe da ƙara, ya san ya iso. A haɗa, a jona bututun iska, a gwada birki, sannan a motsa.

Gaggawar ta fasinja ce. Jiragen zamani tagoginsu ba sa buɗuwa. Wuta na ɗaukewa, na'urar sanyi ta mutu, bayan gida ya daina aiki. A daren 18 ga Disamba 2009, jiragen Eurostar biyar suka mutu a ramin ƙarƙashin teku tsakanin Faransa da Ingila, bayan dusar ƙanƙarar da ta shige musu ta narke a ɗumin ramin ta taɓa kayan lantarki. Mutum sama da 2,000 suka maƙale, kawunan ceton da ke akwai suka yi kaɗan. A Lewisham da ke Landan kuwa, cikin Maris 2018, fasinjoji sun gaji da jira suka buɗe ƙofa suka sauka kan layin da ke ɗauke da lantarki. Duk wanda ya san layin Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186 mai ratsa daji, ba ya buƙatar a faɗa masa darajar mintoci idan jirgi ya tsaya tsakanin tasha da tasha.

Da an jawo jirgin zuwa tasha mafi kusa, a sauke fasinja, a kai shi wurin gyara. Direban ceto ya cika tanki, ya mayar da kan jirgin guntun layinsa, ya kira ofishin kula da zirga-zirga ya shaida musu ya dawo, a shirye yake.