Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Game da Fitattun Hotunan Ƙarni na Ashirin

Mene ne fitaccen hoto?

Fitaccen hoto shi ne wanda ya wuce labarin ranar da aka ɗauke shi, ya zama alamar wani al'amari baki ɗaya. A 1936 Dorothea Lange ta ɗauki hoton wata uwa a jihar Kalifoniya ta yi tagumi, 'ya'yanta sun jingina da kafaɗunta. Mace ɗaya ce, amma har yau fuskarta ake nunawa idan ana batun talaucin da ya biyo bayan durƙushewar tattalin arzikin Amurka a 1929.

Abin da ya share fage

Abu na farko shi ne ƙaramar kyamara. A da, mai ɗaukar hoto yakan kafa babban akwati a kan ƙafafu uku, wanda ake ɗauka kuma ya tsaya cik. A 1925 aka fara sayar da Leica a Jamus, kyamarar da ake riƙewa a hannu, mai amfani da fim na milimita 35. Da ita aka samu damar shiga kasuwa da fagen daga a ɗauki mutane suna cikin harkarsu.

Abu na biyu shi ne mujallun hotuna. Mujallar Life, wadda ta fara fitowa a wannan siga a 1936, ta riƙa kai hotuna gidajen miliyoyin mutane kafin talabijin ya yaɗu. A 1947 Robert Capa da Henri Cartier-Bresson da George Rodger da David Seymour suka kafa Magnum, ƙungiyar da ta bar haƙƙin mallakar hoto a hannun wanda ya ɗauka.

Yadda gwanayen suke aiki

Kowane gwani da hanyarsa. Cartier-Bresson, Bafaranshe, yakan zaɓi wuri ya jira daƙiƙar da motsi da haske da tsarin wurin suka dace da juna. Capa kuwa kusantar abin yake yi. Ya sauka gaɓar Nomandi tare da sojojin Amurka a 1944, kuma nakiya ce ta kashe shi a Biyetnam a 1954.

Wasu a shago suka yi suna. Seydou Keïta ya buɗe nasa a Bamako a 1948, yana rataya zane mai ado a bayan mutum, yana ara masa rediyo ko babur. A Najeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara tattara hotunan kitson mata a 1968. Bayan ɗauka, sai a wanke fim a ɗaki mai duhu, sannan edita ya zaɓi ɗaya daga cikin hotuna masu yawa.

Tasirinsu

Hotunan yaran Biyafara masu fama da yunwa, irin waɗanda Don McCullin ya ɗauka, sun jawo hankalin Turai ga yaƙin basasar Najeriya. A 1972 hoton Kim Phuc, yarinya 'yar shekara 9 tana gudu bayan bam ya ƙona ta, ya ƙara ƙarfin masu adawa da yaƙin Biyetnam. A ranar 16 ga Yuni 1976 Sam Nzima ya ɗauki hoton Hector Pieterson, ɗalibin da 'yan sanda suka harbe a Soweto, hoton da ya tona asirin mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu.

Inda ake taƙaddama

Hoto shaida ne, amma zaɓaɓɓiyar shaida. Masana suna jayayya kan ko shirya hoton Capa na sojan da ke faɗuwa a yaƙin basasar Sifen aka yi. Tutar Amurka da Joe Rosenthal ya ɗauki hotonta ana kafawa a tsibirin Iwo Jima a 1945 ita ce ta biyu a ranar. Kevin Carter kuma ya sha suka kan hoton yaro da ungulu da ya ɗauka a kudancin Sudan a 1993, domin masu karatu sun tambayi abin da ya yi wa yaron. Saboda haka mai nazarin hoto yakan bincika wanda ya ɗauka, da wanda ya zaɓa, da abin da aka bari a waje.