Ƙarar Gwamnatin Tarayya: Inda Hukunci Ke Tsufa a Hanya

Mutumin Kibiya da ke da ƙorafi a kan wata hukumar tarayya, ko tsohon ma'aikaci ne da aka riƙe wa hakki, ko manomin rani a yankin Bunkure da ya samu saɓani da Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, ba kotun majistare ta Rano zai nufa ba. Sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin yawancin ƙararrakin da suka shafi ayyukan gudanarwa na gwamnatin tarayya da hukumominta. Rikicin aiki da fansho kuwa na Kotun Ma'aikata ne. Ko ina ya dosa, sai ya hau mota zuwa Kano. Idan ya yi sa'a ya ci shari'a, abin da aka saba gani shi ne lauyan gwamnati ya ɗaukaka ƙara tun tawadar hukuncin ba ta bushe ba.

Matakan a takarda ba su da sarƙaƙiya. Wanda aka kayar yana da wata 3 ya shigar da takardar ɗaukaka ƙara idan hukuncin ƙarshe ne, ko kwana 14 idan na wucin gadi ne. Magatakarda ya haɗa kundin shari'a ya tura sama, lauyoyi su yi musayar hujjoji a rubuce, alƙalai 3 su zauna. Ba a sake kiran shaidu, kundin kawai ake dubawa a ga ko alƙalin farko ya kauce wa doka. Daga nan, idan daga Babbar Kotun Tarayya shari'ar ta taso, sai Kotun Ƙoli a Abuja. Kafin 2020 Kanawa Kaduna suke zuwa ɗaukaka ƙara, sai a shekarar aka buɗe reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara a Kano, wanda ya rage wahalar hanya amma bai rage tsawon jira yadda aka yi fata ba.

Babban dalilin yawaitar ɗaukaka ƙarar shi ne gwamnati ba ta jin zafin jinkiri. Lauyoyin Ma'aikatar Shari'a albashi suke ci, kuma jami'in da ya sa hannu a biya diyya yana tsoron a tuhume shi gobe, amma babu mai tuhumar wanda ya ce a tafi gaba. Shi kuwa mai ƙara kowane zama kuɗin lauya ne da kuɗin mota, wani lokaci sai an sayar da buhun masara. A doka, ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta dakatar da zartar da hukunci, sai kotu ta ba da umarni. Sai dai sashe na 84 na dokar zartar da hukunce-hukunce ya ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da amincewar Antoni Janar. Wato wanda ka kayar shi za ka roƙa ya ba ka izinin karɓar kuɗinka. A ganina wannan sashe ne tushen matsalar.

Misalai suna nan. A ranar 2 ga Disamba 2016, Mai Shari'a Gabriel Kolawole na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya umarci a saki Sheikh Ibrahim El-Zakzaky na Zariya da matarsa cikin kwana 45, a biya su naira miliyan 50. Gwamnati ta ce ta ɗaukaka ƙara, ba su fito ba sai a Yulin 2021, bayan Babbar Kotun Jihar Kaduna ta wanke su a wata shari'a daban. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan Malamin, umarnin kotu ne aka ajiye shekara da shekaru. Mutanen Odi a Bayelsa, waɗanda sojoji suka rusa garinsu a 1999, kotu ta ba su naira biliyan 37.6 a 2013, daga baya suka karɓi biliyan 15 ta hanyar sulhu. Gajiya ce ke sa mai gaskiya ya yarda da ƙasa da rabin hakkinsa.

Duk da haka, ba adalci ba ne a ɗora laifin duka a kan gwamnati. Masu ƙara ma sun koyi dabara: a saka 'yan sanda ko jami'an tsaro na farin kaya cikin waɗanda ake ƙara, don maganar jiha ta samu shiga kotun tarayya. Mutanen Rano da Kibiya sun ga wannan da idonsu. Bayan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar rushe masarautu a Mayun 2024, har da ta Rano, an kai ƙara Babbar Kotun Tarayya ta Kano tare da jera hukumomin tsaro. A ranar 10 ga Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce sha'anin sarauta ba hurumin waccan kotu ba ne, daga nan maganar ta tafi Kotun Ƙoli. A tsakanin nan har an sake kafa Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da Rano da Bunkure da Kibiya a ƙarƙashinta. A nan ɗaukaka ƙara ta yi aikin da aka kafa ta dominsa, amma watanni sun tafi a kan tambayar wace kotu ce za ta saurara, ba a kan wa ke da gaskiya ba. Irin waɗannan ƙararraki na manya su ke cika jadawali, fayil ɗin ɗan fansho ya koma ƙasa.

Ba a hana gwamnati ɗaukaka ƙara, hakkinta ne kamar kowa. Abin da ya kamata shi ne ta riƙa ajiye kuɗin diyyar a asusun kotu mai kawo riba kafin a saurare ta, a kuma gyara sashe na 84. Gyaran doka aikin Majalisar Tarayya ne, kuma mazaɓar Rano da Bunkure da Kibiya tana da kujera a can. Jama'ar yankin su tambayi wakilinsu matsayinsa a kan wannan sashe.